Sitiyarin Da Ya Ƙi Komawa Tsakiya

Akwai wani mai walda da mutanen layinsu ke kira Injiniya. Da zolaya sunan ya fara, amma ya bi shi, har mahaifiyarsa in tana cikin raha haka take kiransa.

Ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe yake yi, kuma hannunsa na da kyau. In ya ja walda sai ka rantse inji ne ya yi. Matsalarsa guda ce, ba ya son gyara. In ka ce masa ƙofar da ya kafa ta ɗan karkace, sai ya ce bangonka ne bai miƙe ba.

Shekara huɗu ya yi yana ƙera mota a tsakar gidansu, ƙarƙashin wata rumfar kwano. Inji da giya ya ciro su daga wata ƙaramar mota da ta yi hatsari. Sauran duk aikinsa ne. Har hannayen ƙarfen da ke riƙe tayoyin gaba, na sama da na ƙasa, shi ya yanka ya haɗa. Ya ɗaga bayan motar da sifirin masu tauri don ta yi kama da mai shirin zabura, ya fesa mata koren fenti.

Labarinta ya kai kunnen wani malamin makarantar koyon sana'a. Malam ya zo ya gani, ya yi ta zagaya ta yana jinjina kai. Ya ce nan da kwana goma makarantarsu za ta yi baje kolin ƙere-ƙere, yana so Injiniya ya kawo motar, ya ɗauki ɗalibai uku-uku ya zagaya da su har bakin titi a gaban manyan baƙi. Injiniya ya amsa tun kafin Malam ya rufe baki.

Ranar da aka fara fito da ita, layin ya cika. Tayoyin gaba sun yi ƙasa saboda daɗewa a ajiye, sai ya tuƙa ta a hankali zuwa wurin wani dattijo mai faci da ke ƙarƙashin bishiya a bakin titi. Jama'a suka bi shi, wasu na ɗauka da waya.

Mai Faci mutum ne mai ɗingishi, ba ya yawan magana. Ya ba tayoyin iska, amma bai tashi ba. Ya ci gaba da tsuguno yana leƙen bayan taya.

"Injiniya, ɗan murza mini sitiyarin nan har ƙarshe."

Ya murza.

"Mayar da shi ɗaya gefen."

Dattijon ya dafa gaban motar da tafin hannu kamar mai jin zazzaɓin yaro. Sannan ya miƙe.

"Aiki ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Amma gaban nan akwai magana. Da ka shawo kwanar can, sitiyarin ya dawo da kansa, ko kai ka dawo da shi?"

Gaskiya shi ya dawo da shi, kuma ya lura. Amma ga idanu a kansa.

"Sabuwar mota ce, komai a ɗaure yake. Zai saki."

"Ba ɗauri ba ne. Zaman ƙafar ne. Kada ka sa ta gudu sai an auna."

Injiniya ya yi dariya, ya juya wajen jama'a. "Kun ji fa. Na shekara huɗu ina ƙera mota, yau mai liƙe tayar keke zai koya mini zaman ƙafa. Dattijo, ka tsaya kan roba da gam ɗinka, ka bar ƙarfe ga masu shi."

Aka kwashe da dariya. Mai Faci ya naɗe robar iskarsa, ya koma kan benci.

Washegari da hantsi Injiniya ya cika wani tsohon alkawari. Tun ranar da ya fara aikin ya ce Inna, mahaifiyarsa, ita zai fara ɗauka. Ta fito ta gyara mayafi, ta shiga gaba tana dube-dube.

"Ni dai a hankali," in ji ta. "Ba inda nake sauri."

Cikin layi lafiya lau. Da suka hau babban titi ya ƙara mai, sai motar ta fara wani abu. Ba ta son tsayawa a layi ɗaya. Tana ta zamewa gefen direba, yana maido ta, ta sake zamewa.

"Me ya sa take tangaɗi kamar mai jin barci?"

"Titin ne, Inna."

A gabansu akwai kwana da ke lanƙwasa gefen direba, daga ita sai gada a kan wani babban magudanar ruwa. Ya sha kwanar. Da titin ya miƙe, sai ya sassauta hannu yadda ya saba a kowace mota, don sitiyarin ya zame ya dawo.

Bai dawo ba. Ƙara faɗawa ya yi cikin kwanar.

Motar ta tsallaka hannun da ba nata ba. Ga tifar yashi ta taho, direbanta ya danne hon. Injiniya ya ga ƙarfen gabanta ya cika masa gilashi. Ya fizgo sitiyarin da ƙarfinsa duka. Tifar ta wuce da iska, ta tafi da madubinsa. Motar kuma ta cilla ɗaya gefen, ta nufi ƙarfen gada. Ya take birki da ƙafa biyu. Tayoyi suka yi ƙara, gaban ya daki ƙarfen, komai ya tsaya.

Ta gefen Inna, in ka leƙa ta taga, ruwa kake gani can ƙasa.

Bai iya sakin sitiyarin ba. Sai da ya juya ya ga jini na bin girarta yana ɗiga a kan mayafi. Goshinta ya bugi ƙarfen gaban kujera.

"Inna."

Ba ta dube shi ba. Ta ce, "Tsayar mini da tasi."

Ɗinki uku aka yi mata a wani ƙaramin asibiti. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Sai da suna hanyar gida ta yi magana, idonta a kan titi.

"Ni tsohuwa ce, na ci zamanina. 'Ya'yan mutane nawa ka ce za ka ɗauka ranar nan?"

Aka janyo motar gida. Kwana biyar Injiniya bai buɗe shago ba. Ya shafe kowace gaɓa da giris. Ya sauya gaɓoɓin da tayoyi ke juyawa a kansu. Ya je kasuwar tsofaffin kaya ya sayo wani kan sitiyari ya ɗaura. Ya musanya tayoyin hagu da na dama. Ya ɗaure sandunan da ke tura tayoyi har suka kalli juna, motar ta koma kuka tana cin gefen roba.

Kowace safiya sai ya kai ta wani filin ƙwallo da ba kowa. Ya sha kwana, ya saki hannu. Motar ta ci gaba da zagaye kamar an ɗaure ta a turke.

Saura kwana uku baje koli. Da la'asar ya fita a ƙasa. Ya wuce bishiyar Mai Faci kamar mai zuwa wani wuri, ya kai ƙarshen titi ya dawo, ya sake wucewa. A karo na uku ya tsaya.

Dattijon na riƙe da tuf a cikin bahon ruwa yana neman inda kumfa ke fita. Bai ɗago ba.

"Iska za a ba ta?"

"A'a, Baba. Haƙuri na zo bayarwa. Abin da na faɗa maka a gaban mutane, ban kyauta ba."

Mai Faci ya sa alama a jikin tuf ɗin, ya ajiye, sannan ya dube shi.

"Yaya goshin tsohuwa?"

"Da sauƙi."

"Tun da na ji labarin raina bai kwanta ba. Na ga abin da idona, kuma na bar dariyar yara ta rufe mini baki. Da na bi ka har gida na nace."

Injiniya ya rasa inda zai sa idonsa. Ya zo da shirin a wanke shi tas, sai ga wanda ya wulaƙanta yana ɗora wa kansa laifi.

Dattijon ya buɗe wani tsohon gwangwani, ya ɗauko ƙullin zare, da noti guda, da guntun alli, da tef ɗin awo. Ya rufe injin iskarsa da buhu.

"Mu je."

Da suka isa gida ya dubi tsakar gidan ya girgiza kai. Ya ce ƙasan ya gangara wajen rariya, duk awon da aka yi a nan ƙarya ne. Sai da suka tura motar cikin shagon walda, inda simintin yake a daidaice. Ko can bai yarda ba sai da ya gwada da tiyo mai ruwa a kusurwa huɗu.

"Ɗaga gabanta a jak."

Injiniya ya ɗaga. Mai Faci ya sa aka kwance sandunan sitiyari, ya kama kowace taya ya juya ta hagu da dama da hannu ɗaya. Suna tafiya sumul. Ya murza sitiyarin shi kaɗai da yatsa biyu, shi ma sumul.

"Ka gani ko? Ba abin da ke cijewa. Duk kayan da ka sauya, lafiyarsu ƙalau. Sauke ta."

Aka sauke ta a kan tayoyinta. Ya sa suka tura ta gaba da baya, suka girgiza ta don ta zauna daidai. Sannan ya ɗaura notin a bakin zare, ya kwanta a ƙasa da ƙyar saboda ƙafar, ya ja jiki zuwa bayan tayar gefen direba.

"Kwanto nan ka gani da idonka. Taya tana juyawa a kan gaɓa biyu, ga ta sama, ga ta ƙasa. Riƙe zaren nan a tsakiyar ta sama."

Injiniya ya riƙe. Notin ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya.

"Ina ya sauka?"

"Gaban ta ƙasa. Kamar faɗin yatsa ɗaya."

Suka koma ɗaya gefen. Can notin ya sauka daidai kan gaɓar ƙasa.

"Wannan ita ce daidai," in ji Injiniya da sauri. "Haka na so su duka, a miƙe sak. Zafin walda ne ya ja waccan."

"Dukansu ba daidai ba ne. Waccan dai ta fi muni."

Mai Faci ya dafa taya ya tashi. A ƙofar shagon akwai keken wani maƙwabci jingine da bango. Ya janyo shi ciki.

"Dubi ƙafar gaban keken nan. A miƙe take?"

Injiniya ya duba. Ya hau keke tun yana ɗan shekara bakwai, amma bai taɓa kula ba.

"Kanta ya kwanto baya, wajen mahayi."

"Shi ya sa kake iya sakin hannu yana tafiya. Kwanciyar nan ce ke sa taya ta bi bayan gaɓarta, titi kuma ya riƙa maido ta tsakiya. Mota ma haka take. Dole gaɓar sama ta koma bayan ta ƙasa. Kai ɗaya ka miƙar da ita, ɗaya ka kwantar da ita gaba. Wadda ta kwanta gaba ita ke jan ka gefenta, kuma in ka sha kwana sai ta ƙara faɗawa ciki."

Bai gama ba. Ya ɗauki tef ya auna daga ƙasa zuwa gindin motar a gaba, ya rubuta da alli a siminti, ya je baya ya auna.

"Wa ya ɗaga mata baya haka?"

"Ni ne. Don ta yi kyau."

"Ta yi kyau kam. Amma ka tuntsurar da motar gaba ɗaya ta durƙusa, ka ƙara kwantar da gaɓoɓin nan gaba."

Injiniya ya zauna a kan wani galan yana kallon lambobin alli. "Baba, ina ka koyi wannan?"

"Shekara ashirin da biyu ina gyaran gaban manyan motocin haya a wani kamfani, har ranar da jak ya goce ya sauka a ƙafata."

"Ban taɓa sani ba."

"Ba wanda ya taɓa tambaya."

Maganin da ya faɗa shi ne a yanke mazaunin hannayen sama duka biyu, a matsar da su baya. A sauke bayan motar. A sake daidaita kallon tayoyin da zare. Kuma ba za a ja walda ba sai an ɗan ɗiga, an auna, an gwada, an sake aunawa.

"Kwana nawa?"

"In za a yi shi yadda ya kamata, mako guda. Ko fiye."

"Saura kwana uku baje koli."

"Na sani."

Injiniya ya tashi ya leƙa mazaunin hannayen. A duk motar babu waldar da ta kai su kyau. Su yake fara nuna wa baƙi. Ya shafa su da yatsa.

"Baba, ai yanzu na san halinta. Cikin makaranta ne, a hankali zan tafi. In na riƙe sitiyarin gam ban saki ba, ba abin da zai faru. Bayan taron sai mu yanke."

"Ka ce har bakin titi za ka kai su."

"Ɗan tsallakawa ne kawai, a juyo."

Dattijon ya fara naɗe zarensa a hankali. "Motarka ce. Ni na auna, na faɗa. Wannan karon dai ba zan yi shiru ba. In ka fita da ita ranar nan, zan riga ka zuwa makarantar."

Suna cikin haka wayar Injiniya ta yi ƙara. Malam ne. Muryarsa cike da murna, ya ce an buga sunan Injiniya a takardar gayyata, motar ce za ta buɗe taro, ɗalibai har faɗa suke kan wa zai fara shiga. Wata yarinya ma, mafi ƙwazo a ajinsu, an riga an ba ta kujerar gaba.

Injiniya ya dubi kujerar gaban. Akwai ɗigon jini da ya bushe a gefenta, bai lura da shi ba sai yanzu.

"Kana ji na?" in ji Malam.

"Ina ji, Malam. Motar ba za ta zo ba."

"Ban gane ba."

"Gabanta na da matsala, kuma ni na yi kuskuren. Na kusa kashe mahaifiyata da ita. Ba zan sa yaran mutane a ciki ba."

Malam ya ce, "Kwana uku kafin taro kake gaya mini wannan? Ka san kunyar da ka ba ni?" Ya kashe wayar.

Injiniya ya sa wayar a aljihu. Ya ɗauko giranda, injin yankan ƙarfe, ya sa tabarau, ya kwanta ƙarƙashin motar. Sannan ya ɗora dutsen girandar a kan waldar.

Ranar baje koli suna cikin shago, shi da Mai Faci, suna awo. Masu wucewa na leƙowa. Wani ya ce, "Injiniya, yaya, amaryar ta ƙi fita ne?" Wani ya ce ai dama kwalliya ce kawai. Sau uku suka ɗiga walda suka kankare, don dattijon ya ce gefe ɗaya ya fi ɗaya da kaurin ashana.

A rana ta tara suka fito da ita. Mai Faci ya shiga gaba, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. A filin ƙwallo ta yi abin da ake so, amma ya ce fili ba titi ba ne. Suka hau babban titi. Motar ta kama layinta ta zauna, ba tangaɗi. Duk da haka Injiniya ya damƙe sitiyarin har jijiyoyin hannunsa suka fito.

Suka shiga wani shataletale, suka zagaya, suka ɗauki hanyar fita. Motoci gaba da baya.

"Sassauta hannu."

"Baba, akwai motoci."

"Na gani. Ina ciki tare da kai. Sassauta."

Ya buɗe yatsunsa kaɗan. Sitiyarin ya fara zamewa a tafin hannunsa, a hankali, ba fizga, ya juyo, ya juyo, ya tsaya cak a tsakiya. Motar ta miƙe.

Injiniya ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya kifa kansa a kan sitiyarin, kafaɗunsa na motsi. Dattijon ya kau da kai yana kallon waje har ya gama.

"Tayar baya ta wannan gefen na son iska," in ji shi. "Mu biya ta wurina."

Bayan mako biyu sai ga Malam a ƙofar shago, da ɗalibai goma sha biyu a bayansa. Ya ce fushinsa ya huce tun ranar da ya ji cikakken labarin gadar. Ya ce motoci masu sheƙi sun gani da yawa, abin da yake so yaran su gani shi ne yadda ake gano ciwon mota.

Injiniya ya ce su jira shi. Ya fita, ba a jima ba ya dawo da Mai Faci, hannunsa duk gam.

"Malam, ni walda na iya. Ga wanda ya san mota."

Dattijon ya so ya zame, amma yaran sun riga sun kewaye shi. Ya kwanta a siminti, su ma suka kwanta da fararen rigunansu. Awa biyu ana tambaya yana amsawa. Kafin wata ya ƙare makarantar ta ɗauke shi yana koyarwa sau biyu a mako. Ranar da ya fara, ya zo da wata riga mai guga da ta yi masa yawa, ya tsaya gaban allo ya rasa ta inda zai fara. Sai ya ajiye allin ya ce, "Ku taso mu je waje, ni a ƙarƙashin mota nake iya magana."

Darasi: Kada ƙwarewarka a abu ɗaya ta sa ka toshe kunne ga gyara, kuma kada ka auna ilimin mutum da rigarsa ko bencin da yake zaune a kai. Girman kai ba kai kaɗai yake cutarwa ba, har wanda ya yarda da kai ya zauna a gefenka. In ka gane ka yi kuskure, ka faɗa, ka yanke ka sake, ko da zai ja maka kunya. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, musamman masu sana'ar hannu da duk wanda ke ɗaukar rayukan mutane a mota.